An Saki Uwa, Ba a Saki Yaro Ba: Wa Zai Biya Kuɗin Ɗaki?

 

Kafin in shiga magana, iyayena maza da iyayena mata, ku yi mini afuwa. Ni yaro ne, ko aure ban yi ba, balle in san zafin rabuwa. Wani zai ce to me ya kai ka? Abin da ya kai ni shi ne, a maganar yau ba mijin nake tsaya wa ba, ba matar ba. Yaron nake tsaya wa, domin ni ma na taɓa zama wannan yaron.

A makon jiya wata baiwar Allah daga Sawaba ta aiko mana da saƙon murya. Ta roƙi kada mu faɗi sunanta, ba za mu faɗa ba. Aurenta ya mutu shekara ɗaya ke nan, 'ya'ya uku suna hannunta. Ta ce tsohon mijin nata bai taɓa hana kuɗin cefane ba, abin da muke ce wa cop-moni a nan. Duk Juma'a yana turowa ta MoMo. Amma kuɗin hayar da ya biya tun suna tare zai ƙare nan da wata biyu, mai gida kuma ya ce sai an ba shi na shekara biyu a dunƙule. Da ta kira shi, sai ya ce mata: “Ni 'ya'yana nake ciyarwa, ba zan biya kuɗin ɗakin da matar da na saka take kwana ba.” Tambayarta ɗaya ce: shin yana da gaskiya?

Wannan tambaya ita ce shirinmu na yau.

Ɗaki a Zongo ba kamar ɗaki a Kano ba

Bari in ɗan yi wa 'yan uwanmu na Nijar da Najeriya bayani, don su gane inda gizo ke saƙa. A Kano ko Maraɗi, idan aure ya mutu, mace takan koma gidan ubanta, ko da ɗakin uwarta ne za ta raɓa. Maganar haya ba ta cika tasowa ba. A Zongon Kumasi abin ya sha bamban. Kakanninmu baƙi ne, fatauci ya kawo su, na goro da na shanu, suka zauna a ƙasar Asante. Wasu sun samu fili sun gina, amma da yawa daga cikinmu a Aboabo, Asawase, Yalwa, Sawaba, Moshi Zongo da Tafo, a gidan haya aka haife mu, a gidan haya muka girma. Gida ɗaya, ɗakuna goma ko fiye, kowane ɗaki da iyalinsa. Gidan gado ma, in akwai shi, magada sun cika shi maƙil. To bazawara mai 'ya'ya uku, ina za ta sa kanta?

Sannan ga matsalar adbans. Dokar haya ta Ghana, wadda aka yi tun 1963, ta hana mai gida karɓar kuɗin da ya wuce na wata shida a gaba. Haka yake a takarda. Amma ni da ku mun san abin da ke ƙasa: shekara ɗaya, shekara biyu, in ba ka da shi ga wani a bayanka yana jira da kuɗi a hannu. Akwai ofishin Rent Control da ake kai ƙara, sai dai wanda ke neman inda zai kwantar da yara yau, ba ya son ya fara da faɗa da mai gida.

Saboda haka kuɗin ɗaki a wajenmu ba abin da ake cirewa a cinikin yini ba ne. Dutse ne da ke faɗowa sau ɗaya a shekara biyu. Macen da ke sayar da koko da ƙosai da safe, ko wake da shinkafa a bakin titi, tana iya ciyar da yara da guminta. Amma ranar da adbans ya ƙare, ranar ce take sanin cewa ita kaɗai ce.

Na ce muku na taɓa zama yaron nan. Ina da shekara tara iyayena suka rabu. Mahaifina bai hana mu abinci ba. Buhun masara yana zuwa, kayan sallah suna zuwa. Amma da haya ta ƙare, kowa ya ce ba shi ba ne. Mai gidan ma ba mugu ba ne, ya ɗaga mana ƙafa wata biyu. Daga nan muka kwashe kaya muka koma ɗakin kakata a Aboabo, mu bakwai a ɗaki ɗaya. Littattafaina suna cikin buhu a ƙarƙashin gado, babu inda zan shimfiɗa su. A shekarar nan na maimaita aji. Yau ni da mahaifina lafiya lau muke, kuma sai da na nemi izininsa kafin in faɗi wannan. Abin da ya ce mini shi ne, a lokacin shi a ganinsa mahaifiyata yake horarwa. Bai lura cewa mu ne muke kwana a ƙasa ba.

Me addini ya ce?

Ni ba malami ba ne, don haka sai da na je na durƙusa gaban malamanmu na tambaya. Ga abin da na fahimta.

Na farko, idda. Matar da aka yi wa sakin da ake iya komawa, a ɗakinta take yin idda, ci da sha da wurin kwana duk suna kan miji. Farkon Suratuɗ Ɗalaƙ ya hana a fitar da ita. Wannan al'ada tamu ta “kwashe kayanki ki bar mini ɗaki yau-yau” ba ta da tushe a addini.

Na biyu, riƙon yara. A mazhabar Malikiyya, wadda yawancinmu muke bi daga nan har Sakkwato, littafin Risala da ake karantawa a zaurukanmu ya bayyana cewa bayan rabuwa uwa ce ke da haƙƙin riƙo: namiji har ya balaga, mace har ta yi aure ta tare. Idan uwar ta auri wani bare, riƙon yakan koma hannun kakar yaran ta wajen uwa. Ba kai tsaye yake komawa wajen uba ba, kamar yadda da yawa suke zato.

Na uku, ciyarwa. Wannan tana kan uba, gwargwadon ƙarfinsa, mai yalwa da yalwarsa, mai ƙaramin ƙarfi da nasa. Kuma ciyarwa a fiƙihu ba tuwo kaɗai ba ne. Ta haɗa da sutura, ta haɗa da wurin kwana.

To ɗakin da uwa da yara suke ciki tare fa? Ashe malaman Malikiyya sun tattauna wannan tun ɗaruruwan shekaru, ba yau aka fara ba. Magana biyu suka yi. Wasu suka ce hayar gaba ɗaya tana kan uba, domin don 'ya'yansa uwar take zaune a wurin. Wasu suka ce a raba: uba ya biya kason yaran, uwa ta biya kason kanta, alƙali ya ƙiyasta. Ku lura da kyau, jama'a. Saɓanin a kan kason uwa ne. Kason yaran kuwa, duka ɓangarorin biyu a kan uba suka ɗora shi.

Me dokar Ghana ta ce?

Dokar Yara ta 1998, wadda ake kira doka mai lamba 560, ita ce madogara. Sashe na 47 ya ɗora wa iyaye nauyin samar wa yaro abubuwan da rayuwarsa da lafiyarsa ke bukata, da ilimi, da matsuguni daidai gwargwado. Matsuguni yana ciki, a rubuce. Kuma dokar ba ta tambaya ko an yi rajistar auren, ko ma an yi auren. Wannan yana da muhimmanci a gare mu, domin mafi yawan aurenmu a masallaci ko a ƙofar gida ake ɗaura shi, babu takardar gwamnati. Rashin takarda ba ya soke haƙƙin yaro.

Wanda yaro ke hannunsa yana iya kai ƙara Kotun Iyali, wadda ke zama a ƙarƙashin kotun gunduma. Ba irin kotun da ake tara jama'a ana kallonka ba ce. Alƙali ne da wasu mutane kaɗan, cikinsu har da jami'in jin daɗin jama'a, kuma ba a barin 'yan kallo. Kafin su yanke, suna duba samun uba da samun uwa, su duba ko akwai wasu 'ya'yan da mutum ke ɗauke da su, su duba tsadar rayuwa a inda yaron yake zaune. Kun ga a nan dokar ƙasa ta ɗan bambanta da fiƙihu: ita tana kallon aljihun iyaye biyu ne, ba na uba kaɗai ba.

Kotun tana iya sa a riƙa biya wata-wata, ko a biya a dunƙule. Tana iya sa a riƙa cirewa daga albashin mutum. Idan mace na da ciki, tana iya sa uban ya biya kuɗin asibiti, ya kuma kula da ita lokacin cikin da wata tara bayan haihuwa. Idan namiji ya ce ɗan ba nasa ba ne, kotu tana iya sa a yi gwaji. Umarnin yana aiki har yaro ya kai shekara 18, kuma ana iya tsawaita shi idan yana karatu ko koyon sana'a. Idan hali ya canja, aiki ya tsaya ko ciwo ya zo, ana komawa a nemi a rage ko a ƙara. Wanda kuma ya ƙi kula da ɗansa da gangan, laifi ne da ke iya kai shi ga tara ko ɗauri.

Ba dole sai an fara da kotu ba. Akwai ofishin jin daɗin jama'a, wanda kowa ke ce wa Soshiyal, suna kiran iyaye biyu su sasanta su a rubuce. Akwai sashen 'yan sanda na DOVVSU, akwai hukumar kare haƙƙin ɗan Adam ta CHRAJ, akwai kuma hukumar Legal Aid da ke taimaka wa wanda ba shi da kuɗin ɗaukar lauya.

Na san abin da ke zuciyar iyayenmu mata: “Ni in kai uban 'ya'yana ƙara? Me Zongo za ta ce?” Gaskiya ne, a wajenmu abin kunya ne. Shi ya sa ni ma nake cewa a fara daga gida: waliyyan da suka ɗaura auren, limamin unguwa, sarkin ƙabila, har fadar Sarkin Zongo in ta kama. Amma in duk an bi waɗannan mutum ya toshe kunne, Hajiya, kunyar da ta fi ita ce a ga jikokinki suna kwana a barandar mutane.

Mu saurari maza su ma

Kada a ce na ɗauki ɓangare. Na zauna da wasu 'yan uwana masu tuƙa pragya, na ji nasu kukan. Wani ya ce mini: “Ɗan uwa, keken ba nawa ba ne. Sai na cire na mai keke, na cire na mai, sannan in ga abin da ya rage. Ni ma haya nake biya. Yanzu ɗaki biyu zan riƙe?” Wani ya ce yana turo kuɗin yara, sai ya ga tsohuwar matar ta yi sabon yayi a bikin unguwa, abin da 'yan Najeriya ke ce wa anko, alhali yaron takalminsa ya tsage. Wani kuma ya ce wata shida ke nan ba a bar shi ya ga 'yarsa ba, amma ranar biya ba ta wucewa sai an kira shi.

Waɗannan koke-koke ne na gaske. 'Yan uwana mata, kuɗin yaro amana ne, ba ladan wahalar da kika sha a gidan ubansa ba ne. Kuma dokar nan da ta ba ki damar neman kuɗin, ita ce ta ba uban damar ganin ɗansa. Kada ki mai da yaro ƙofar da sai an biya ake buɗewa.

Amma ku ma maza, akwai dabarar da muka sani. Da an ce kawo kuɗin ɗaki, sai mutum ya ce to a ba ni 'ya'yana. Ya karɓe su, ba don zai riƙe su da kansa ba, sai ya kai wa tsohuwarsa da ƙafa ke ciwo, ko ya ajiye wa amarya da ba ta shirya ba. Yaro ya tashi daga hannun uwarsa don kawai a guje wa sidi ɗari biyu. Wannan ba riƙo ba ne, ramuwa ce.

To yaya za a yi lissafin?

Bari in kawo misali, kuma misali ne kawai, kowa ya sa nasa adadin. A ce ɗaki sidi 300 ne a wata, mai gida yana son na shekara biyu. Sidi 7,200 ke nan. Masu kwana a ɗakin mutum huɗu ne: uwa da yara uku. In aka bi maganar malaman da suka ce a raba, kashi uku na yara ne, kashi ɗaya na uwa. Uba zai kawo 5,400, uwa ta kawo 1,800. Idan aka mayar da shi wata-wata, na uba sidi 225 ne, na uwa 75.

Kun ga 5,400 a rana ɗaya abin tsoro ne ga mai pragya. Amma 225 a wata, wato ƙasa da sidi 8 a rana, abu ne da za a iya magana a kai. Matsalarmu ita ce ba ma tunawa da adbans sai mai gida ya ƙwanƙwasa ƙofa. Don haka shawarata ta farko: tun ranar da aka biya wannan, a fara tara na gaba. A yi adashi, ko a buɗe wani asusu na daban wanda ba a taɓawa, ko a riƙa kai wa mai gida kai tsaye yana ba da rasit. Uban da ke tsoron kada kuɗinsa ya tafi wajen yayi, to ga hanya: kada ya ba ta a hannu, ya biya mai gida da kansa.

Ta biyu: idan an rabu alhali akwai sauran watanni a adbans, wanda yara ke hannunsa shi ya kamata ya zauna har ya ƙare. Namiji shi kaɗai yana iya raɓawa wajen aboki. Mace da yara uku ba ta iyawa. A je tare a gaya wa mai gida, don ya san da wa zai yi magana.

Ta uku: ɗaki ba bango da rufi kaɗai ba ne. A gidajenmu akwai kuɗin wuta da ake rabawa bisa yawan ƙwai da fanka da talabijin. Akwai ruwa da ake saya bokiti-bokiti. Akwai kuɗin bola. A gidan da babu bayan gida, kowane yaro sai an ba shi kuɗin shiga na gwamnati, kullum. Waɗannan ƙananan su ne ke cinye jarin mace ba ta sani ba. A sa su cikin lissafi.

Ta huɗu: a raba sauran nauyin da suna. Wa zai sabunta katin inshorar lafiya? Wa zai biya malamin makaranta, wa zai ɗauki na sukul? Ga masu jinmu daga waje, a nan in mun ce makaranta ta allo da Islamiyya muke nufi, sukul kuma ta boko. Tun 2017 sakandare kyauta ce a Ghana, amma duk wanda ya kai yaro makarantar kwana ya san akwatin ƙarfe da katifa da guzuri ba kyauta ba ne.

Ta biyar, wadda ta fi duka: a rubuta. Mun iya tara mutane ranar ɗaurin aure, a faɗi sadaki a gaban shaidu, a raba goro. Ranar rabuwa kuwa sai a yi ta a ɗaki, cikin fushi, babu shaida ko ɗaya. Takarda guda ta isa: nawa, yaushe, ta wace hanya, ranar da uba zai riƙa ɗaukar yara. Liman ya sa hannu, waliyyai su sa hannu, kowa ya riƙe kwafi. Saƙon MoMo kuma kada a goge, shi ne shaidar wanda ya biya da wanda aka biya.

Ga waɗanda suka tsallaka iyaka

Wannan tasha tana tsallaka iyaka, don haka bari in yi magana da ku kai tsaye. Kai da ka zo Kumasi da motar albasa daga Galmi, ka yi shekaru, ka yi aure a Zongo, ka haihu, sannan ka koma gida. Kai da ka tafi Libiya ko Saudiyya neman kuɗi, saki ya biyo ta waya. Kun sani, mu ma mun sani, takardar kotun Kumasi da wuya ta same ku a inda kuke. Amma wayar da ta kawo sakin, ita ma tana iya kawo kuɗin ɗaki. Direbobin da ke hawa da sauka kullum sun san ƙofar gidan.

A nan ne sarakunanmu na Zongo suke da aikin da kotu ba ta iya yi. Sarkin Zabarmawa, Sarkin Moshi, Sarkin Fulani da sauransu, kowannensu ya san garin da mutanensa suka fito, ya san wanda zai kira. Iyayenmu sarakuna, muna roƙo, idan mace ta zo da irin wannan kuka, kada a tsaya a “ki yi haƙuri” kawai. A ɗaga waya a kira can gida.

To baiwar Allah ta Sawaba, ga amsarki. A cewarsa ba zai biya miki ɗaki ba, yana da malaman da za su ce kason kanki ke za ki biya. Amma kason yara uku nasa ne, a addini da kuma a doka. Ki samu babban da yake jin nauyinsa, ku zauna tun wata biyun nan ba su cika ba, ki zo da lissafinki a rubuce, ki faɗi abin da ke ma za ki iya kawowa. In ya ƙi, ƙofar Soshiyal a buɗe take.

Kai kuma ɗan uwana, in kana jina, na san ranka a ɓace yake, wataƙila ma kana da dalili. Tsakanin harshe da haƙori ma ana saɓawa. Amma Hausawa sun ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma jinkar nan 'ya'yanka ne a ƙarƙashinta. Wata rana za su girma su ba da labarin inda suka kwana, kamar yadda na ba da nawa yau.

A nan za mu dakata. Layukanmu a buɗe suke, maza da mata, ku aiko da naku, ba za mu faɗi sunan kowa ba. Allah ya shirya mana zuri'a, ya sanya albarka a nemanmu. Sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu. Wassalamu alaikum warahmatullah.